Wa Ya Ce Samanja Ɓata Hausa Ya Yi?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2023 ne Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, bayan ya haura shekara 80 a duniya. Wannan suna ba lalle ne ya tuna wa kowa wani abu ba, amma da zarar an ce Samanja Mazan Fama, to, duk wanda ya yi wayo a gaban akwatin rediyo ko talbijin a ƙasar nan kafin zuwan finafinan kaset ya san wanda ake nufi. An yi ta'aziyya a jaridu da gidajen rediyo, manya sun aika da saƙonni, kuma kusan duk abin da aka faɗa bai wuce magana guda ba, wato marigayin ya ba mu dariya. Allah ya jiƙansa, lalle ya ba mu dariya. To amma idan wannan ne iyakar abin da masu nazarin harshe da adabin Hausa za su iya faɗa game da mutumin da ya shafe shekaru aru-aru yana gina hali guda a gaban miliyoyin jama'a, ashe kuwa da sauran aiki a gabanmu.

Akwai hukunci iri biyu da aka daɗe ana yanke wa Samanja a zaurukan malamai, ba kasafai a rubuce ba, galibi a baki, lokacin da ake hira ko ake tantance batutuwan da ɗalibai za su yi kundi a kansu. Na farko, wai shi ɗan wasa ne kawai, ba marubuci ba, don haka ba shi da gurbi a darasin adabi. Na biyu kuwa ya fi zafi, wai gurɓatacciyar Hausar da yake yi ta cuci harshen, ta koya wa yara gwamutsa Hausa da Ingilishi. Ni ina ganin duka hukunce-hukuncen nan biyu kuskure ne, kuma mu da muke koyar da Hausa a jami'ar da ke wajen ƙasar Hausa mu ne ya fi cancanta mu fara ƙin amincewa da su.

Shi dai Usman Baba Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin Kwara a cikin Jihar Kwara ta yanzu. Ya yi aikin soja a zamanin yaƙin basasa, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tare da talbijin a 1962. A nan ne wasan Samanja ya yi fice, a rediyo da talbijin, har ma da gaban jama'a ido da ido. Ba irin tauraron da 'yan mata ke rataya hotonsa a ɗaki ba ne, kuma ba ya fitowa yau a sarki gobe a ɗan kasuwa jibi a malami. Riga guda ya zaɓa, ta tsohon soja mai muƙamin samanja, ya shige ta, ya zauna a cikinta har sunanta ya cinye sunansa na yanka. Irin wannan ɗan wasa, mai kwaikwayon halin wani rukunin mutane har ya zama da an gan shi an gan su, shi ne ginshiƙin wasan kwaikwayon Hausa na wancan zamani. Haka Ƙasimu Yero ya kasance a Karambana, haka Abdu Kano ya kasance a matsayin Karkuzu a Jos.

Bari mu fara da zargin ɓata harshe, domin shi ne ake yi da fuskar ilimi. Masu wannan zargi sun ɗauka cewa Hausar bakin Samanja ƙirƙira ce ta ɗan wasa mai neman a yi dariya, ko kuwa kasawa ce ta Banufen da harshensa ya ƙi juyawa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Wannan Hausa tana da suna, Barikanci, tana kuma da tarihin da ya girmi Nijeriya kanta. Rundunar sojan ƙasar nan takan ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani Bature mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa. Daga nan har zuwa rundunar da Lugga ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umurni, kuma Turawan da ke jagorancin sojojin sai sun koye ta. Amma su wane ne cikin kakin? Akwai Hausawa, gaskiya ne, sai dai tare da su akwai Dakarkari da Tibi da Angas da Bacama da Barebari da Zabarmawa da Nufawa da mutanen kudancin Cadi, kowa da harshen uwarsa, an haɗa su a layi guda an ce su fahimci juna. Harshen da suka ƙera don wannan bukata shi ne ya je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo. Ko bayan da Ingilishi ya karɓe fagen fareti, Hausar bariki ba ta bar layin matan soja da kasuwar bariki ba. Da yaƙin basasa ya zo, daga 1967 zuwa 1970, rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba ta kumbura ta kai wajen 250,000, kuma barikoki suka bazu a kusan kowane babban gari. Ke nan lokacin da Samanja ya buɗe baki a rediyo, dubban ɗaruruwan mutane sun ji muryar da suka sani ne, ta maƙwabcinsu ko ta mijin 'yarsu ko tasu ta kansu.

Abin mamaki ma shi ne, daidaitacciyar Hausar da ake cewa ana karewa ta daɗe da cin abincin bariki ta ƙoshi. Daga ina muka samo soja da kurtu da kofur da saje da hafsa da kyaftin da manjo da kanar da fareti da bataliya? Ita kanta kalmar samanja fa? Mun karɓi kalmomin mun sa su a ƙamus, sa'an nan mu juya mu ce bakin da ya kawo su ƙazami ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya saurari Barikanci da kunnen manazarci zai ga ba hauka ba ne, yana da ƙa'idojinsa. Jinsi yakan rushe, mace da namiji duk su koma “ya”, sai a ce matata ya zo. Haruffa masu lanƙwasa sukan miƙe, ƙarfe ya koma karfe, ɗaki ya koma daki. Sautin “ts” yakan koma “s”, ta yadda sojan da ya bugi ƙirji zai ce shi ba shi da tsoro, sai a ji yana shelar cewa gidansa ba soro. (Wannan misali nawa ne, ban ciro shi daga wani wasa ba, amma mai karatu zai ga irin ƙofar da wannan karin magana ke buɗe wa mai ban dariya.) Jam'i yakan sauƙaƙa, karin sauti ya baje, kalmomin Ingilishi na umurni da na zagi su cike giɓi. To, a tambayi duk wanda ya taɓa hawa dandamali: riƙe irin waɗannan kurakurai a kan tsari guda, mako bayan mako, shekara bayan shekara, ba tare da takarda a hannu ba, kuma ba tare da Basakkwace ko Bakano ko Bahaushen Yola ya kasa gane ko jimla ɗaya ba, wannan kasawa ce ko gwaninta? Mai kasawa kuskurensa barkatai yake zuwa. Wanda ya san inda zai karya jimla dariya ta tashi, ya kuma san inda zai bar ta lafiya don kada labari ya ɓace, ya san ƙa'idar da yake karyawa fiye da da yawa daga cikin masu gyara masa. Duk wanda ya ji hirar da aka yi da Alhaji Usman ba cikin kaki ba ya san Hausarsa ta zaman duniya daban take da ta Samanja.

Daɗin daɗawa, muƙamin da ya zaɓa ya dace da wannan harshe mai rassa biyu. Samanja a bariki shi ne gadar da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. A gaban na sama yana ƙamewa ya sara, a gaban na ƙasa shi ne dodo. Mutum ne da ya kai ƙololuwar abin da mai ƙaramin ilimin boko zai kai, yana ganin yaran da ya koya wa riƙon bindiga sun dawo daga makarantar hafsoshi suna ba shi umurni. Ingilishinsa na aro ne, Hausarsa ma ta aro ce, ikonsa kuwa iyakarsa ƙofar bariki, kai, wani lokaci ko ƙofar ɗakin matarsa ba ya kaiwa. Dariyar da ake yi wa Samanja da abokan wasansa irin su Mutuwa Dole da Bariki daga wannan tsaka-mai-wuya take fitowa, ba daga karkataccen lafazi kaɗai ba.

Mu dubi abin da maƙwabtanmu suka yi da irin wannan kaya. A 1985 Ken Saro-Wiwa ya fitar da littafinsa Sozaboy, labarin wani yaro da ya shiga soja a yaƙin basasa, ya rubuta shi da gangan cikin ruɓaɓɓen Ingilishi, har ma ya faɗi haka a bangon littafin. Yau ana koyar da shi a sassan Ingilishi na jami'o'i a ciki da wajen ƙasar nan, kuma ban ji wanda ya nemi a kore shi daga manhaja don kada ya lalata wa ɗalibai nahawu ba. Chika Okpala ya yi shekaru yana markaɗa Ingilishi a matsayin Zebrudaya daga Inugu, aka ce fasaha ce. To, me ya sa abin da ya zama salo a bakin waɗannan ya zama laifi a bakin Samanja? Amsar da nake zato ba ta da daɗin ji. Muna kallon Hausa tamkar amaryar da ke cikin lalle, wadda ba a so iska ta taɓa, alhali kuwa uwar gida ce da ta yi fatauci har Gwanja, ta kwana a zango, ta shiga bariki, ta dawo da ƙafarta.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Ɗaliban da ke cika azuzuwanmu a nan, da yawansu ba a Kano ko Katsina aka haife su ba. 'Ya'yan Sabo ne na Badun, da Agege, da Shagamu, da unguwannin Hausawa na garuruwan Gabas, da 'ya'yan barikokin soja da na 'yan sanda, wasu ma iyayensu ba Hausawa ba ne sam. Sukan zo mana da Hausar da ta yi kama da ta Samanja fiye da ta Magana Jari Ce. Wajibi ne mu koya musu daidaitacciyar Hausa, a rubutu da magana, ba na ja da wannan ko kaɗan, kuma nakan ja jan biro a kan “matata ya zo” kamar yadda kowane malami zai ja. Amma gyara kuskure a takardar jarrabawa daban, koya wa yaro jin kunyar harshen gidansu daban. Malamin da ya tsaya gaban irin wannan aji ya ce Samanja ɓarna ya yi, ya sani cewa rabin ajin sun ji da su yake.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Kwaikwayon lafazin baƙo tsohon abu ne a adabin bakan Hausa. Bagwari da Bamaguje da Bafillace da Buzu duk sun sha ba'a a tatsuniya da labaran raha, kuma barkwancin da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa sananne ne. Finafinan Kano sun gaji wannan, suna sa Bahaushe ya fito a Bagwari ko Bayarabe ko Inyamuri don a yi dariya. A duk waɗannan, ɗan gida ne ke kwaikwayon bare, mai karkataccen harshe shi ne wawan labari. A wasan Samanja kuwa an juya tabarma. Mai karkataccen harshen shi ne mai wasan, shi ne mai kaki, shi ke tsawa, sauran 'yan wasa masu tsabtatacciyar Hausa su ne ke kewaye da shi. Wannan hoto ne na gaskiyar da ƙasar Hausa ta rayu a cikinta daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, lokacin da iko ya koma hannun masu kaki, da yawansu 'ya'yan ƙananan ƙabilu, kuma farar hula ya koyi sauka daga kan hanya in ya hango motar soja. A irin wannan zamani ne wani ya fito a gidan rediyon gwamnati yana nuna soja a matsayin mutum mai kuri da rigimar cikin gida, wanda za a iya yi wa dariya a kwana lafiya.

Na san abin da wani zai ce a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ai wannan shi ne aibin wasan: ya wanke soja, ya mai da abin tsoro abin so, gwamnatocin soja kuma ba su bar shi yana yawo a iska shekara da shekaru ba sai don yana yi musu amfani. Mai yiwuwa ne. Wasan da ke fitowa daga gidan gwamnati ba zai taɓa zancen juyin mulki ko dukan da ake yi wa direbobi a shingen hanya ba. Amma mai wannan suka ya riga ya yarda da abin da nake faɗa, wato wasan yana da ma'ana ta siyasa da ta isa a yi gardama a kanta. Ba a tuhumar abin banza da yi wa mulki hidima. Gardamar ko Samanja ya rage wa kaki kwarjini ne ko ya shafa masa mai, ita ce irin gardamar da ya kamata a ce an cika mujallu irin wannan da ita tun tuni.

Sai hukunci na farko, wai ɗan wasa ba marubuci ba ne. Manhajarmu ta wasan kwaikwayo ta ginu ne a kan littattafai: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, da 'yan'uwansu. Ayyuka ne masu daraja, ina koyar da su da farin ciki. Sai dai in an tara duk wasannin Hausa da aka buga a littafi kafin 1990, kanta guda ta ishe su, alhali abin da aka yi a rediyo da talbijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos ya ninka su ba adadi, masu sauraronsa kuma sun ninka masu karatun nesa ba kusa ba. Yawancin waɗannan wasanni ba a rubuta maganganunsu ba. Akan tsara ƙashin labari ne, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuwa ɗan wasa ne zai zuba daga kansa. To, idan Usman Baba ne ya ƙago halin, shi ya zaɓi kalmomin, shi ya auna inda za a ɗaga murya da inda za a yi shiru, wane ne mawallafin in ba shi ba?

Na taɓa halartar wani zama inda wata ɗaliba ta kawo batun nazarin harshen Samanja, wani babban malami ya tambaye ta ina matanin da za ta nazarta, da ta ce sai ta juya daga kaset, ya ce ta je ta nemo littafi. Malamin nan kuwa ya duba kundaye da dama a kan waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Anace, waɗanda ba wanda ya same su a littafi, duk daga kaset aka juyo su. Mun yarda makaɗi mawallafi ne ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma ɗan wasa sai ya kawo shaidar ɗab'i. Turawan Italiya sun yi wani irin wasa tun ƙarni na 16 wanda ɗan wasa kan riƙe hali guda har tsufansa, yana zuba magana da ka a kan ɗan taƙaitaccen tsari, kuma ɗaya daga cikin halayen nasu ma soja ne mai cika baki. Ana koyar da wannan a jami'o'inmu a matsayin tarihin wasan duniya. Namu na gida, mai kama da shi, muna kiransa shirme.

Ko a nan kusa da mu akwai abin koyi. Ebun Clark ta rubuta littafi sukutum a kan Hubert Ogunde a 1979. Biodun Jeyifo ya rubuta a kan ƙungiyoyin wasan Yarabawa masu yawo gari-gari a 1984. Karin Barber ta shiga ƙungiyar Oyin Adejobi ta yi wasa tare da su, ta fito da littafinta a shekarar 2000, inda ta bi diddigin yadda wasa ke tsirowa daga bakin 'yan wasa ba daga takarda ba. A ɓangarenmu, Graham Furniss ya keɓe wa wasan kwaikwayo babi a littafinsa na 1996 har ya taɓo na talbijin, kuma akwai kundayen ɗalibai da ke kwance a ɗakunan karatu. Amma galibin abin da ɗalibanmu ke rubutawa a kan irin waɗannan wasanni bai wuce jero jigo da ƙananan jigogi ba: faɗakarwa, gargaɗi, nishaɗantarwa. Da wannan ma'auni, Samanja da sanarwar allurar rigakafi duk abu ɗaya ne. Tafiyarsa, da ƙamewarsa, da zare idonsa, da yadda tsawa kan mutu a maƙogwaronsa in ya haɗu da wanda ya fi ƙarfinsa, wato ainihin sana'ar, ba mu ma tanadi kalmomin da za mu bayyana su ba.

Rainin da ake yi a aji ba ya tsayawa a aji. Al'ummar da malamanta suka ce abu wasa ne ba za ta biya kuɗi a kansa ba, ba kuma za ta adana shi ba. Ƙasimu Yero, wanda duk Nijeriya ta sani a Cock Crow at Dawn, ya rasu a 2017. Karkuzu ya tsufa cikin rashin gani da ƙunci har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya taimaka masa da muhalli, ya rasu a 2025. A 2022 Hajiya Ladin Cima ta faɗa wa sashen Hausa na BBC irin ɗan abin da ake ba ta in ta fito a fim, aka yi ta cacar baki na 'yan makonni, aka watse. Su kuwa faya-fayan da aka ɗauki wasannin a kansu, al'adar gidajen talbijin a wancan zamani, har da na Ingila, ita ce a goge tsohon shiri a ɗora sabo don tsadar kaset. Abin da ya tsira daga Samanja yau gutsattsari ne a YouTube da abin da wasu masu sha'awa suka naɗa a gidajensu, sai kuma abin da ke cikin kawunan abokan aikinsa da suka rage, waɗanda su ma girma ya kama su.

Wannan sashe namu ƙarami ne, ba mu da kuɗin gina ma'adana. Amma muna da ɗaliban da kunnuwansu suka san Barikanci tun suna goye, abin da ba kowane sashen Hausa na Arewa zai yi tinƙaho da shi ba. Ina kira da a ba wa ɗaliban ajin ƙarshe guda uku ko huɗu aikin tattara abin da ya saura na wasannin Samanja, su juye shi a takarda, a kuma aika wani Kaduna da na'urar ɗaukar magana ya zauna da waɗanda suka yi wasa da shi. Sharaɗi ɗaya zan kafa wa masu juyawar da malaman da za su duba su: a rubuta abin da kunne ya ji. Inda ya ce karfe a bar shi karfe, inda ya ce wa mace “ya” a bar mata “ya” ɗinta, kada wani mai kishin ƙa'idar rubutu ya bi bayansu yana mayar wa haruffa da lanƙwasarsu.